KWIKWIYON DA NA CE A MAYAR BAKIN TITI



'Yan uwa, kun saba ku turo tambaya in ba ku amsa gwargwadon abin da Allah Ya sawwaƙe. Yau wata amsa ce da na taɓa bayarwa nake son in janye a gabanku. Ta daɗe tana ci mini rai, kuma na ga in na yi shiru wani ɗalibin ilimi zai iya faɗawa ramin da na faɗa.

Hunturun bara ne, cikin watan Janairu, lokacin da mutum ke tsayawa ya yi shawara da kansa kafin ya taɓa ruwan alwalar asuba. Bayan magariba ina zaune a soro ina jiran isha, sai wani yaro ɗalibina na Islamiyya, bai wuce shekara 11 ba, ya yi sallama rungume da kwalin taliya. Ya ajiye kwalin can nesa da tabarma, ya durƙusa ya gaishe ni. Na haska fitilar waya na leƙa. 'Yan kwikwiyo ne guda biyu, ɗaya ja ɗaya mai roɗi-roɗi, idanunsu ko gama buɗewa ba su yi ba, suna ta cusa kai a jikin juna. Ya ce mota ce ta take uwarsu a titin da ya fita daga Gaya zuwa Ajingi, shi kuma ya ji kukansu a cikin kwalbati yana dawowa daga aike.

Ya ce, "Malam, Inna ce ta ce ba za su kwana mata a gida ba sai na tambayo ka. Ya halatta in riƙe su?"

Na ce, "Kuna da gonar da za su yi gadi?" Ya ce a'a. "Tumaki fa?" A'a. "Babanka yana farauta?" Ya girgiza kai. Sai na gaya masa hadisin da ke nuna cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, kullum ana rage masa lada. Na ƙara masa da na mala'iku da ba sa shiga gidan da ke da kare. Na ce ya mayar da su inda ya ɗauko. Duk maganar ba ta kai minti biyu ba. Ladan ya kira salla, na miƙe, har ina jin daɗin na warware mas'ala da dalili.

Da gari ya waye, bayan mun idar da asuba mutane sun watse, na tarar da shi tsaye a bakin masallaci, hannunsa ɗaya a cikin riga. Ya ce, "Malam, na mayar da su jiya kamar yadda ka ce. Yanzu na je dubawa, jan ya mutu." Sai ya ɗaga rigar kaɗan. Ɗayan yana manne a cikinsa, ko kukan ma ya daina.

Wallahi da yaron nan ya yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Labari kawai ya ba ni, yana jiran fatawa ta biyu.

To bari in faɗi inda kuskuren yake, domin kada wani ya ɗauka hadisan ne nake tuhuma. Hadisan da na karanta masa ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim, kuma yau ma a kansu nake. Amma hadisan suna magana ne a kan mutumin da ya zaɓi ya ajiye kare a gidansa ba tare da buƙata ba. Abin da ke cikin kwalin nan kuwa rai ne guda biyu da za su mutu kafin safiya in ba a yi wani abu ba. Yaron ya yi tambaya da kalmar "riƙewa" saboda ita ya sani, ni kuma na kama kalmar na bar kwalin. Tun muna aji biyu a jami'a malamanmu ke nanata mana cewa ba ka yanke hukunci a kan abu sai ka fahimci surarsa tukuna. Mun haddace, mun rubuta a jarrabawa, mun ci. Ranar da surar ta zo mini har soro a cikin kwalin taliya, ban gane ta ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, dalilin da ya dace da wannan hali na san shi sarai, na sha yin huɗuba da shi. Abu Huraira (R.A) ya ruwaito labarin mutumin da ƙishirwa ta kama shi a hanya, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya ga kare yana haki yana lasar danshin ƙasa, ya koma ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hawo, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka yi mamakin a ce akwai lada a kan dabba, Annabi (S.A.W) ya tabbatar musu akwai shi a kan duk mai rai. Ku lura fa, karen nan ba na farautarsa ba ne, ba ya gadin gonarsa, bai ma san mai shi ba. Ba a tambaye shi ko yana da tumaki ba kafin a karɓi aikinsa.

Na karɓi kwikwiyon na naɗe shi da tsohon rawani. Maiɗakina ta dube ni ta dubi abin da ke hannuna, ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce da sauƙi dai. Ita ce ta kawo shawarar a zuba ruwan ɗumi a gora a naɗe da tsumma a jingina masa, kamar yadda ta ga ana yi wa ɗan akuyar da aka haifa cikin sanyi. Can sai ya fara motsi.

Akwai wani dattijo maharbi a wani ƙauye ta wajen Toranke, a ƙasar Ajingi, abokin mahaifina ne tun suna samari. Na tuna an ce mini karyarsa ta haihu. Na goya yaron a babur, shi kuma ya rungume kwikwiyon, muka kama hanya. Ba zan ɓoye muku ba, ina tafe ina addu'ar kada mu haɗu da wanda ya san ni. Liman da kwikwiyo da sassafe! Wannan tsoron bakin mutane shi ma wani ciwo ne da ya kamata a yi masa rubutu daban.

Baba ya karɓe shi ya juya shi a tafin hannu, ya buɗe bakinsa da ɗan yatsa, ya ce, "Liman, wannan bai fi sati biyu ba. Ka ga ko haƙori babu. Da me kuka ba shi?" Na ce ba mu ba shi komai ba tukuna, na so in sayi madara a hanya. Ya ce gara da ban saya ba. Ya ce mutane sukan ɗauka yunwa ce ke fara kashe irin waɗannan, alhali sanyi ne, kuma wanda jikinsa ya yi sanyi in ka ɗura masa abu ma cikinsa ba zai karɓa ba. Sai ya ɗebo ƙaiƙayin da 'ya'yan karyarsa ke kwanciya a kai ya goge masa jiki da shi sosai, ya riƙe kan uwar yana yi mata magana a hankali, ya cusa shi a tsakiyar 'ya'yanta huɗu. Ta sunsuna shi, ta ɗaga kai ta dube mu, ta sake sunsunawa. Mun fi minti goma a tsugune ba mai magana. Daga nan sai ta fara lasarsa.

Baba ya ce, "Shi ke nan, ta karɓa."

Na tambaye shi lasar ta mece ce, ko wanka take yi masa. Ya yi dariya ya ce, "Kai da ka yi karatu har jami'a?" Ya ce ɗan kwikwiyo a wannan lokacin ko fitsari da kashi ba ya iya yi da kansa sai uwar ta lashi cikinsa da ƙasan wutsiyarsa. In babu uwa, sai mutum ya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ya riƙa shafa masa bayan kowane ci.

Daga baya na zauna da wani likitan dabbobi da ke salla a bayana, na ba shi labari, ya cika mini abin da Baba ya fara. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. Ana haihuwar kwikwiyo makaho kuma kurma, idonsa ba ya buɗewa sai tsakanin kwana 10 zuwa 14, kunnen ma wajen nan yake buɗewa. A makonnin farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi da kansa, da jikin uwa da na 'yan uwansa yake rayuwa, shi ya sa suke cunkushewa wuri guda. Dakashin da yake sha a ranar farko shi ne garkuwarsa daga cututtuka kafin jikinsa ya yi ƙarfi. Nonon saniya bai kai na karya kauri ba, kuma yakan sa shi zawo. Wanda ya rasa uwa gaba ɗaya sai an shayar da shi duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana. Wajen mako 3 haƙoran nono ke fara fitowa, guda 28 ne, a lokacin ne zai fara tsayawa da ƙafafunsa yana tangaɗi, ya fara lasar abu mai ruwa-ruwa kamar koko. Likitan ya ce bai kamata a raba shi da uwarsa ba sai ya kai mako 8.

Ina jin wannan lissafi ina tuna daren da na ce a mayar da su kwalbati. Halittar da ba ta gani sosai, ba ta iya ɗumama kanta, ba ta iya ko fitsari sai an taimaka mata. A cikin hunturun Janairu.

Mu dawo kan littafi, domin na san akwai masu cewa, to Malam, tausayi daban hukunci daban. Na koma na bincika, kuma abin da na samu ya nuna mini magabata sun riga mu tunanin kwikwiyo. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kawo mas'alar ƙarara: shin ya halatta a riƙi ɗan kwikwiyo a rene shi domin farauta ko gona ko dabbobi, alhali yanzu ba ya iya ko ɗaya? Ya ce malaman mazhabarsu sun kasu biyu, kuma mafi inganci shi ne ya halatta. Hankali ma zai ba ka haka. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da dabbobin farauta da muka horar suka kamo mana. To horon nan yaushe ake yin sa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Shari'ar da ta yarda da horarren kare ta san cewa wata rana kwikwiyo ne da ba ya tsinana komai sai ci da barci, kuma wani ne ya yi haƙurin renonsa.

A Risala, wadda kusan kowane zaure a ƙasar Kano ake karanta ta, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya taƙaita riƙon kare a kan gona da dabbobi da farautar neman abinci. Amma masu sharhin littafin sun kawo cewa shi kansa, da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron masu cutar da shi, ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira. Ibnu Abdil Barr, wanda ya rasu a 463, shi ma ya tafi a kan cewa abubuwa ukun nan ana ƙiyasta musu duk wata buƙata ta gaskiya ta jawo amfani ko tunkuɗe cuta. Mutumin ƙauye da ɓarayi suka kwance masa awaki sau biyu a damina ɗaya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wani zai kawo mini hadisin da aka yi umarni da kashe karnuka a Madina. Gaskiya ne an yi. Amma a cikin Muslim ɗin dai akwai riwayar Jabir da ta Abdullahi ɗan Mugaffal da ke nuna an dawo an sassauta. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar abin da ya rage na wancan umarni, ban ɓoye wannan ba. Ibnu Abdil Barr ya zaɓi cewa ba a kashe wanda ba ya cutar da kowa, kuma zuciyata ta fi natsuwa da haka. Wane ne kwikwiyon sati biyu ya cuta?

Sai maganar najasa, wadda ita ce ainihin abin da ke zuciyar yawancinmu. A nan akwai abin mamaki. Mu da muke cewa mu Malikawa ne, mazhabarmu ita ce ta fi kowace sassauci a wannan babi. A wurin Malik, kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, a wurinsa bauta ce da aka umarce mu, ba don ƙazanta ba. Daga cikin abin da Malikawa ke kafa hujja da shi akwai maganar Ibnu Umar a Bukhari cewa karnuka na shiga masallaci suna fita a zamanin Annabi (S.A.W) ba a bin sawunsu da ruwa. Shafi'i da Ahmad suna ganin najasa ne mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa, kuma suna da hadisi ingantacce a hannunsu. Ni kaina in yawun kare ya taɓa mini tufa sai na wanke, don in fita daga saɓani.

To amma a ce ma najasar ce, a bisa mafi tsananin ra'ayi. Me najasa ke wajabtawa? Wanki. Fitsarin jariri najasa ne, uwa ta wanke zaninta ta sake goya ɗanta. Jinin yanka najasa ne, ba wanda ya tsani rago saboda shi. Ban taɓa ganin littafin da ya ce najasar abu tana halatta a jefe shi, ko a ɗaura masa gwangwani a wutsiya, ko a watsa masa ruwan zafi ba. Mu ne muka ɗauki hukuncin wanki muka mayar da shi ƙiyayya, sannan muka rataya wa addini. Yaro ya ga kare ya sunkuya ya ɗauki dutse, manya na zaune a dakali ba mai cewa uffan. Ni ma na yi ina yaro, a bayan kasuwar Gaya, kuma ban tuna ranar da wani babba ya tsawatar mini ba. Da ɗan akuya muka jefa da mun sha bulala.

Ga wata mas'ala da na karanta a Muktasar tun ina matashi amma ban ji nauyinta ba sai bara. A babin taimama, Shehu Halil ya lissafa cikin uzurorin barin alwala da ruwa har da tsoron ƙishirwar wani mai alfarma da ke tare da kai. Shehu Dardir da ya zo sharhi ya bayyana cewa wannan ya haɗa da mutum da dabba da karen da aka yi izinin riƙewa. Wato makiyayi yana daji, ruwan da ya rage a gorarsa ba zai ishi alwala da karensa ba, kuma karen na iya halaka. Fiƙihunmu ya ce ya ba kare ruwan, shi ya bugi ƙasa ya yi salla. Ku sake karanta wannan a hankali. Ruwan alwala fa.

Kada kuma wani ya ɗauki rubutun nan ya ce Liman ya ce a kwana da kare a gado. Ban ce ba. Hadisin Nana A'isha a Muslim yana nan, ranar da Jibrilu ya yi alkawarin zuwa bai zo ba, sai aka tarar da ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin gado, da aka fitar da shi sannan ya shigo. Haɗɗabi yana ganin karen da aka halatta riƙewa ba ya hana mala'iku shiga, Nawawi ya ce hanin ya game kowane kare, kuma da wannan kwikwiyon ya kafa hujja. Mafita a bayyane take, muhallin kare yana waje, kusa da turke ko bakin gona. Wanda kuma yake sayen karen ƙasar waje don a gani, yana kashe masa abin da lebura ba ya samu a wata, maƙwabcinsa na kwana da yunwa, wannan ba shi nake karewa ba, kuma hadisin rage lada da shi yake.

Abin da nake son mu tsaya a kai shi ne wanda ya riƙa da hujja. Ka ce don gadi ka ɗauko shi, mun yarda. To ranar da ka ɗauko shi ka ɗauko haƙƙi. Malamanmu a babin ciyarwa sun wajabta wa mai dabba ya ciyar da ita in ba ta da inda za ta yi kiwo. Matar da aka ce ta shiga wuta saboda kyanwa, laifinta shi ne ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Yanzu ka dubi karen da aka ɗaure da sarƙa a gindin bishiya tun yana wata biyu, rana ta juyo ta same shi, kwanon ruwansa ya bushe tun hantsi, kaska ta cika masa kunne. Wane bambanci ke tsakaninsa da waccan kyanwar?

Kuma da gangan wasu ke yi. Akwai camfin cewa sai an hana kwikwiyo abinci, an kulle shi a duhu, an yanke masa kunne da wutsiya, sannan zai yi zafi. Yaron nan ma abokansa sun ba shi shawarar ya kawo reza. Na tambayi Baba, ya ce shi ma da can yana yanke kunnen, don kada ƙaya da haƙorin dabba su kama, amma ya bari, bai ga abin da ya ƙara musu ba sai ƙuda da gyambo. Ya ce karen da aka rena da duka ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci, kowa abokin gaba ne a wurinsa, wata rana ma mai shi. Likitan ya ce haka ilimi ya tabbatar: daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo ke koyon waye nasa waye ba nasa ba, kuma a wasa da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo, in ya ciji ɗaya da ƙarfi ya yi ƙara wasa ya tsaya. Wanda kake so ya tsare tumaki, a wannan lokacin za ka haɗa shi da tumakin ya saba da warinsu. Ta fuskar shari'a kuwa, Annabi (S.A.W) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska ya tsine wa wanda ya yi. Ya kuma ga tsuntsuwa tana shawagi a kan sahabbai saboda an ɗauke mata 'ya'ya biyu, ya sa aka mayar mata, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Masu zuwa su zare kwikwiyo daga nonon uwarsa yana sati uku don kada wani ya riga su, su tuna da wannan tsuntsuwa.

Akwai haƙƙi ɗaya da ba na karen kaɗai ba ne, na unguwa ne gaba ɗaya, shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Amma ana iya tare ta tun kafin nan. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya rayu, kuma a nan gida cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Wanda ya riƙi kare ya ƙi yi masa allura har ya ciji ɗan wani, ban san da wane baki zai ce don tsaro ya riƙe shi ba. In kuma cizo ya auku, ko yakushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. A bar ƙona gashin kare ana shafawa. Iyaye kuma a gaya wa yara, in sun tsinci irin wannan su kira babba, domin kwikwiyo ma yana iya ɗaukar cutar. Na gaya wa ɗalibina haka, bayan na yaba masa.

Tsintau, haka yaran suka raɗa masa, ya yi sati shida a wurin Baba. An ba shi maganin tsutsar ciki tare da sauran. Da ya isa rabuwa, kawun yaron da ke da awaki da tumaki a wani ƙauye kusa da Kademi ya ce yana so. Na kafa masa sharaɗi uku a gaban Baba, inuwa da ruwa, allura, kuma ba reza. Aka yi masa 'yar rumfar kara a gefen turke. Yana cin tuwon da ya kwana da ɗan romo, likita ya ce a kiyaye masa albasa da dafaffen ƙashin kaza. Yaron yakan je duk Alhamis da Juma'a da ba a karatu. Da ya cika wata uku ni na biya kuɗin allurar, ba don na fi kowa tausayi ba, ina ganin bashi ne a kaina. Yanzu ya girma, in an kora dabbobi yana gaba, in akuya ta ratse ya zagayo da ita. Kawun ya ce tun da ya fara haushi ba a sake taɓa masa danga ba.

Kwanakin baya bayan an tashi daga karatu yaron ya tsaya har kowa ya fita. Ya ce, "Malam, ina da tambaya. Jan nan da ya mutu, ni ne na mayar da shi da hannuna. Allah zai kama ni?"

Ashe shekara guda yana ɗauke da wannan.

Na ce masa, "Kai ka tsince su, ka tambaya, aka ba ka amsa, ka bi. Babu komai a kanka. Ni ne na amsa ban duba ba, kuma na roƙi Allah gafara, kai ma ka taya ni roƙo."

Ya yi shiru yana wasa da bakin jakarsa. Na tambaye shi me ya yi da gawar a ranar. Ya ce kafin ya zo masallaci ya tona rami da kara a gefen kwalbatin ya rufe shi, ya ɗora dutse don kada wani abu ya tone.